Famfon Zamani A Kicin, Rijiya A Tsakar Gida

Duk wanda ya shiga sababbin gidajen da ake ginawa a 'yan shekarun nan a Malali ko Unguwar Rimi ko Unguwar Dosa, ko tsofaffin gidajen Unguwar Sarki da ake yi wa kwaskwarima, zai lura da cewa ɗakin girki ya tashi daga lungun da ake ɓoye wa baƙo, ya koma wurin da ake jan baƙo ya je ya gani. Daga cikin kayan da suka zama abin yayi a waɗannan ɗakuna akwai wani famfo mai dogon wuya, wanda ake kama bakinsa a jawo, ya biyo hannu da tiyo a bayansa, idan an gama a sake shi ya koma mazauninsa. Masu shagunan kayan gini sun gane kasuwarsa, shi suke sa wa a gaba, kuma 'yan jere ba su cika barin kicin ɗin amarya ba sai kowace ta ja shi ta gani.

Tun da farko bari in ce ba ni da ja a kan amfanin wannan famfo mai tiyo. Wanda bai taɓa kankare ƙanzo daga tukunyar tuwon mutum goma sha biyar ba, shi ne zai ce ƙawa ce kawai. Tukunyar da ta fi ƙarfin kwamin wanke-wanke, wato sinki, tiyon zai bi ta ciki da waje ba tare da an ɗaga ta ba. Alayyahu da zogale da latas sun fi fita da feshinsa, haka ma kayan cikin ragon layya, kuma ana iya cika bokiti a gefe ba sai an ɗora shi a kwami an sauke da ƙyar ba. Uwargida da 'yar aiki, waɗanda su ne bayansu ke ciwo, sun cancanci wannan sauƙi. Abin da nake so mu duba tare da mai karatu shi ne cewa famfo shi ne takun ƙarshe a doguwar tafiyar da ruwa yake yi daga kogi zuwa tukunya, mu kuwa masu ɗan hali a arewacin Kaduna mun zuba kuɗinmu da hankalinmu a kan wannan taku guda, mun juya wa sauran tafiyar baya. Famfon da kansa shi ne yake tona mana wannan asiri.

Asalin irin wannan famfo daga Turai da Amurka yake. Wani Ba'amurke, Alfred Moen, shi ya ƙirƙiro famfo mai hannu guda da ke gauraya ruwan zafi da na sanyi, aka fara sayar da shi a 1947, daga bisani aka ƙara wa irinsa tiyon da ake ja. Waɗanda suka ƙera shi sun yi ne da tunanin birnin da ruwa yake cikin bututu dare da rana, a tace, kuma da ƙarfinsa. A cikinsa akwai wasu faifai biyu na tangaran da ke goga juna, su ne ke buɗe ruwa su rufe. Daga nan ruwan ya bi siririn tiyo ya sauka ƙarƙashin kwami, ya yi kwana ya hawo, ya ratsa wani ɗan bawul da 'yar rariya kafin ya fito. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin wani kaso na ƙarfin ruwan. Shi ya sa akasarin kamfanonin da ke ƙera shi sukan rubuta a takardar da ke cikin kwali cewa yana buƙatar ƙarfin da bai gaza abin da suke kira bar 1 ba, kuma ya fi sakin jiki idan ya samu bar 3.

To, mene ne bar 1 a harshen da maigida zai gane? Shi ne ƙarfin ruwan da ya gangaro daga tsayin mita 10. Bar 3 kuwa mita 30 ke nan, kusan tsayin bene mai hawa goma. Yanzu mai karatu ya leƙa bayan gidansa ya dubi tankinsa. A mafi yawan gidajenmu na ƙasa, ƙarfen da aka ɗora tanki a kai bai wuce mita 5 ko 6 ba, bakin famfon kuma yana sama da daɓe da fiye da mita guda. Wato abin da ke isa kicin rabin bar ne, ko ma ƙasa da haka idan tankin ya yi ƙasa ko bututun ya yi nisa da yawan kwana. A Amurka doka ta ƙayyade cewa famfon kicin kada ya zubar da fiye da lita 8.3 a minti guda, a ƙarfin da ya kai kusan bar 4. Famfon da aka ƙera a kan wannan ma'auni, idan aka ba shi rabin bar, lissafi ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na wancan ruwa zai bayar. Bokitin lita 20 da ya kamata ya cika cikin ƙasa da minti 3 sai ya kai minti 7, feshin da aka gani a shago kuma ya koma yoyo. Daga nan sai a fara zagin mai gyaran famfo ko mai shago, alhali laifin tsayin tanki ne.

Matsala ta biyu ita ce ingancin ruwan. Birnin Kaduna a kan tsohon dutse yake zaune, ruwan ƙarƙashin ƙasarsa yana maƙale ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da kuma tsagoginsa. Wannan ne ya sa wani ya haƙa rijiyar burtsatse ya dace, maƙwabcinsa ya haƙa ya sha wuya. Ruwan irin waɗannan rijiyoyi yakan zo da yashi mai laushi, wani lokaci da jan ƙarfen da ke rina kwami da farin kaya. Tsohon famfon tagulla mai murɗawa bai damu da yashi ba, in ya fara ɗiga a canja masa 'yar roba, shi ke nan. Faifan tangaran kuwa ƙwayar yashi kaɗan ta isa ta karce shi, kuma idan ya karce ba ya gyaruwa, sai dai a canja zuciyar famfon gaba ɗaya, in an dace da irinta a kasuwa. Famfo da yawa masu tsada sun zama kayan kallo a kicin saboda rashin wani ɗan abu da bai kai girman murfin kwalba ba.

Saboda haka wanda ya ƙuduri aniyar sa wannan famfo, akwai abubuwan da ya kamata ya tsaya a kai kafin ya biya kuɗi. Ya auna tsayin tankinsa, ya kwatanta da abin da aka rubuta a takardar famfon, domin akwai waɗanda aka ƙera musamman don ruwa marar ƙarfi. Ya tambayi mai shago ko yana da zuciyar famfon da tiyonsa na canji, in babu, ya nemi wani iri. Ya tabbatar bakin tiyoyin shigar ruwa ya dace da bututun gidansa, domin namu galibi rabin inci ne, na Turai da yawa kashi uku cikin takwas na inci ne, na Amurka kuma zarensu daban. Ramin da famfon ke zama a ciki yawanci milimita 35 ne, kuma idan kwamin na siririn ƙarfe ne sai an yi masa tallafi daga ƙasa, in ba haka ba dogon wuyan zai riƙa rawa har ya kwance. A ranar ɗaurawa a saki ruwa ya wanke bututu kafin a haɗa, a sa bawul ɗin tsayar da ruwa a ƙarƙashin kwami, a sa matata a bakin tanki. Gidan da babu ruwan zafi, a haɗa tiyoyin biyu da na sanyi ko a toshe ɗaya da kyau. Sannan akwai wani dunƙulen ƙarfe da ake maƙalawa a jikin tiyon, nauyinsa ne ke mayar da kan famfon mazauninsa. Idan aka cika ƙarƙashin kwami da galan ɗin manja da buhun omo, tiyon zai sarƙe, a yi ta fizga har ya tsage, ruwa ya riƙa zuba a ɓoye yana cin katakon kabad ba wanda ya sani.

Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗi, wato lafiya. Jikin famfo da tagulla ake yin sa, kuma tagulla mai arha takan ƙunshi dalma, wadda ke narkewa a hankali cikin ruwan da ya kwana a ciki. Mu a Arewa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan guba, tunda a 2010 ƙurar haƙar zinariya mai ɗauke da dalma ta hallaka yara fiye da 400 a Jihar Zamfara. Abin da ke fita daga famfo bai kai wancan yawa ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka sani marar illa, musamman ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Tun daga 2014 Amurka ta hana sayar da famfon ruwan sha da dalmar da ke jikinsa ta wuce kashi 0.25 cikin 100, kuma duk da haka a 2025 hukumar kare masu sayen kaya ta ƙasar ta gargaɗi jama'a da su daina amfani da wasu famfuna masu arha da ake sayarwa ta intanet, bayan gwaji ya nuna suna zubar da dalma. Idan irin waɗannan sun iya shiga Amurka, me zai hana su isa shagunanmu? Wannan aiki ne da ke gaban hukumar SON. Kafin nan, abin da ke hannun uwargida shi ne ta bar ruwan da ya kwana a famfo ya zube kafin ta ɗibi na sha, kada kuma ta yi girki ko damun jariri da ruwan ɓangaren zafi.

Haɗari na biyu shi ne wanda ya fi ɗaukar hankalina, domin shi ne ya haɗa kicin ɗin mai hali da cikin talaka. Tsohon famfo bakinsa a sama yake, ba ya taɓa ruwan wanke-wanke. Mai tiyo kuwa ana iya barin kansa kwance a cikin ruwan daƙwalwar kwanuka ko na wankin nama. A gidan da famfon kicin ke haɗe kai-tsaye da bututun gwamnati, idan aka ɗauke ruwa bututun yakan koma yana zuƙa, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. Idan famfon a buɗe yake, kuma babu bawul mai hana ruwa komawa baya, ko akwai amma yashi ya lalata shi, ƙazamin ruwan nan zai bi bututu ya fita, ya jira ranar da za a kawo ruwa ya shiga gidan wani. Haka ma gidan da aka haɗa bututun rijiya da na gwamnati ba tare da kariya ba. Mafi muni shi ne mai ɗaura inji kai-tsaye a bututun gwamnati don ya janye ruwan layi, domin yana hana maƙwabta, yana kuma jawo ruwan kwata ta duk inda bututun ya fashe. A ƙasar da cutar amai da gudawa ta kama mutane fiye da 100,000 ta kashe fiye da 3,000 a 2021 kaɗai, wannan ba maganar wasa ba ce.

Mai karatu zai iya cewa duk waɗannan matsaloli suna da magani, kuma gaskiya ne. Maganin da muka saba shi ne ƙarin kaya. Ruwa ba ƙarfi, a sayo injin ƙara masa ƙarfi. Injin na son wuta, a sayo janareta ko a ƙara faifan sola. Akwai yashi, a sa matata, rijiyar ta ja baya da rani, a kira masu haƙa su ƙara zurfi. Kafin a ankara, kowane gida ya zama ƙaramar hukumar ruwa mai injiniya guda, wato maigida, wanda ba ya gwada ruwansa a ɗakin bincike, ba ya kuma sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Rijiyar tana nan 'yan taku kaɗan daga ramin masai, nasa ko na maƙwabci, domin filayenmu ba su da faɗin da za a raba su yadda ya kamata. Da injin ya fara aiki kuma sai ɓarna ta shigo: famfon da ke zubar da lita 8 a minti yana cinye jarka mai lita 25 cikin minti 3, jarkar da ɗan garuwa ya turo a kura daga nesa, wadda wani gida a Hayin Banki ko Badarawa ke lallaɓawa ta kai su yamma. Addininmu ya hana almubazzaranci da ruwa ko da a bakin kogi ne, balle a garin da ake sayen sa da jarka.

Abin takaicin shi ne a bakin kogin muke. Tun da Turawan mulki suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, Kogin Kaduna na cikin abubuwan da suka duba. Garin yana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara. An gina madatsar ruwa ta Kangimi a shekarun 1970 domin ta tallafa wa kogin da rani. Matatun ruwa biyu da ke Malali, tsohuwa da sabuwa, an tsara su ne su tace lita miliyan 240 a rana, wanda a kan takarda ya isa a ba mutum miliyan 2.4 lita 100 kowanne. Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa, wadda ke horar da ma'aikatan ruwa na Nijeriya baki ɗaya, a kan hanyar Mando take. Kuɗi ma sun shigo: Kaduna na cikin jihohin da suka amfana da shirin Bankin Duniya na gyara ruwan birane da aka amince da shi a 2004, tana kuma cikin jihohi 7 na shirin dala miliyan 700 da bankin ya amince da shi a 2021. Duk da haka, a 2018 Shugaba Muhammadu Buhari da bakinsa ya ce masu samun ruwan famfo a Nijeriya sun ragu daga kashi 32 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 7 a 2015, ya kuma ayyana dokar ta-ɓaci a fannin. Gwamnatin Uba Sani da ta hau a 2023 ita ma ta ayyana tata a jiha. Gwamnati ba ta ayyana ta-ɓaci a kan abin da ke tafiya daidai.

Mun saba ɗora wa gwamnati da hukumar ruwa ta jiha, KADSWAC, dukkan laifi, kuma suna da kasonsu mai yawa. Amma a nawa ganin akwai kason da ke kanmu, mu likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da manyan ma'aikata. Ranar da muka haƙa rijiya, ranar muka daina biyan kuɗin ruwa, muka daina zuwa ofis yin ƙorafi, muka daina tambayar ɗan majalisarmu. Hukumar ta rasa abokan cinikinta da suka fi iya biya, ta kuma rasa muryoyin da ake jin tsoro. Aka bar ta da talakan da ba ya da lambar kwamishina. Haka muka yi wa makarantar gwamnati, haka muka yi wa asibiti. Sai dai ruwa ya bambanta da su, domin ɗanka kana iya kai shi wata makaranta a wani gari, amma rijiyarka da ta maƙwabcinka daga tafki ɗaya suke sha a ƙarƙashin ƙasa, kuma mai dafa maka abinci daga unguwar da babu ruwa take zuwa kowace safiya.

Wani zai ce ai mun gwada haƙuri, ba za mu bar iyali da ƙishirwa muna jiran hukuma ba. Ban ce kowa ya cike rijiyarsa ba. Cewa na yi kada rijiyar ta zama dalilin yin shiru. Gyaran hukumar ruwa abu ne da aka taɓa yi a wuraren da suka fi mu shiga uku. A 1993, lokacin da Ek Sonn Chan ya karɓi hukumar ruwan Funom Fen, babban birnin Kambodiya, ƙasar ta fito daga yaƙi ne, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake tacewa yana salwanta ta yoyo da sata. Cikin shekara 15 asarar ta sauko ƙasa da kashi 10, ruwa ya koma awa 24. Daga cikin abubuwan da ya fara yi akwai sa wa kowa mita, da kuma tilasta wa manya, har da hafsoshin soja da jami'an gwamnati, su biya kuɗin ruwa kamar kowa. Gyaran daga gidajen manya ya fara, kuma a nan ma daga can ya kamata ya fara.

Abin da nake kira a yi ba mai wuya ba ne. Duk gidan da bututun gwamnati ya bi ta ƙofarsa ya ci gaba da zama abokin cinikin hukumar, ya nemi mita, ya biya abin da ya sha, domin mai biya shi ke da bakin tambaya. Ƙungiyoyin unguwanni, waɗanda suka iya tara kuɗin maigadi da na gyaran taransifoma, su sa maganar ruwa a ajandarsu, su riƙa rubuta ranakun da aka kawo ruwa da awannin da ya yi, su kai wa wakilansu a zauren Lugard. Hukumar kuma ta riƙa bayyana wa jama'a lita nawa Malali ta tace a kowane wata, da jadawalin unguwanni, da sakamakon gwajin ruwan. Gwamnati ta fara da biyan kuɗin ruwan ma'aikatunta. Sannan tunda hedikwatar Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa a Kaduna take, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ga kasuwar Panteka cike da matasa masu basira, babu dalilin da zai sa mai gyaran famfo a wannan gari ya rasa horo da shaidar da za ta nuna ya san ƙarfin ruwa, ya san haɗarin haɗa rijiya da bututun jama'a.

Ranar da ruwan Malali ya dawo bututu da ƙarfinsa, a tace, dare da rana, famfo mai tiyo zai yi aikin da aka ƙera shi dominsa ba tare da inji ko matata ba, kuma a ranar ce matar da ke Unguwar Shanu za ta murɗa nata tsohon famfon na tsakar gida ta ga ruwa. Buƙatar gidajen biyu ɗaya ce, bambancin kawai shi ne ɗaya yana da hanyar da za a saurare shi. Wanda ya iya ɓata yini guda yana zagaya shaguna don zaɓen famfo, ba zai rasa awa guda ta zuwa ofishin ruwa ko rubuta wa ɗan majalisarsa takarda ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, mu kuma Ya ba mu ikon sauke namu.